Ɗana Ya Cika Bango da Zane, Babansa Ya Ce Shiririta Ce

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a cikin birnin Katsina, 'ya'yana uku. Damuwata a kan babbansu ce, ɗan shekara 7, yana aji biyu na firamare. Tun yana ƙarami ba ya ganin gawayi ko alli ya ƙyale. Bangon tsakar gidanmu duk ya cika shi da zane, da'ira cikin da'ira, layi a kan layi, ga shi gidan haya muke, har mai gidan ya yi magana. Aljihunshi kullum cike yake da ganye da tsakuwa da marafen kwalba. In na aike shi sai in iske shi tsugunne yana kallon gidan rina. Jarrabawar da ta wuce ya zo can ƙasa, malamarsu ta rubuta cewa ba ya maida hankali. Abin da ya ɗaure mani kai, har tambayar siffofi ya faɗi, shi da kullum su yake zanawa. Babansu ya yi fushi, ya yi mashi bulala, ya ce zanen ne ya ɗauke mashi hankali, kada ya sake ganinshi da gawayi. Hajiya mahaifiyar maigida kuma ta ce zane haramun ne, ni ke ɗaure mashi gindi. Tausayi ya sa na sayo mashi fensir mai launi a ɓoye, amma ko taɓawa bai yi ba. Yanzu ya yi shiru, tambayoyin nan da yake damuna da su duk ya daina. Ina jin kamar na ci amanar maigida, ina kuma jin an danne yaron. Karatuna bai wuce sakandare ba, lissafi ma ban iya sosai ba. Don Allah ki ba ni shawara.

Wata uwa, Katsina

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sau biyu na karanta wasiƙarki, kuma inda gabana ya faɗi shi ne inda kika ce yaron ya daina tambaya. Bango ana wanke shi a shafe. Jarrabawa wani zangon yana tafe. Amma yaron da ya saba tsugunnawa yana ƙare wa halitta kallo, in ya sa a ransa cewa kallon nan laifi ne, yakan daɗe bai sake ɗaga ido ba. Don haka ki kwantar da hankalinki, damuwarki a kan hanya take. Sai dai akwai wuri ɗaya da kika yi tuntuɓe, batun fensirin ɓoye, zan zo kansa.

Bari in fara da abin da ya ɗaure miki kai, domin in kika gane shi, sauran maganar za ta yi miki sauƙi. Ta yaya yaron da hannunsa ya san da'ira zai faɗi tambayar da'ira? Amsar ita ce hannunsa da idonsa sun san abin, sunan ne bai haɗu da abin ba. A yawancin azuzuwanmu malama na zana siffa huɗu a allo, yara su rera sunayensu da Turanci kamar waƙa, a rufe littafi. Yaron ya dawo gida ya ga faifai, ya ga bakin tukunya, ya ga tandar waina, babu wanda ya taɓa ce masa ai wannan shi ne abin nan na allo. Sai ya zama yana da ilimi biyu da ba su san juna ba. A shekarar 1957 wasu malaman lissafi a ƙasar Holan, mata da miji, Dina da Pierre van Hiele, sun yi bayanin yadda yara ke fahimtar siffofi, suka nuna cewa hawa-hawa ne. Da fari kama yaro yake gani: wannan kamar ƙofa, wancan kamar wata. Daga baya ya fara lura da gefe nawa ne, kusurwa nawa ce. Sai can gaba ya gane alaƙar wannan siffa da waccan. Suka kuma nuna cewa ba yawan shekaru ne ke hawar da yaro daga wannan mataki zuwa na gaba ba, irin koyarwa da gogayyar da ya samu ne. Ki gwada da kanki. Ki yanko kwali mai gefe huɗu daidai, wato murabba'i, ki nuna masa, sannan a gabansa ki juya shi ya tsaya a kan kusurwa ɗaya, ki ce yanzu fa? Yara da yawa za su ce ya zama wani abu daban. In ya ce haka kada ki gyara masa nan take. Ki ce ya ƙirga gefunan, ya sake ƙirgawa. Ki bar shi shi ya gano cewa babu abin da ya sauya.

Kin ga ke nan zanen ba shi ne ya ci masa lissafi ba. Yaron nan rabin aikin ya riga ya yi shi kaɗai a jikin bango.

To, Babansu. Ina so ki kalle shi da idon adalci kafin ki je masa da magana. Mutum ne ya biya kuɗin makaranta a wannan zamani na tsada, aka miƙo masa takarda mai cewa ɗansa na can ƙasa, ga mai gidan haya ya yi masa magana a kan bango, abin da kan taɓa mutuncin magidanci. Ya duba ya ga abin da ya fi bayyana a idonsa, gawayi, sai ya ɗora masa laifin duka. A batun bango gaskiyarsa ce, ɗari bisa ɗari. Bangon mutane amana ne, kuma ɗan shekara 7 ya isa a ce masa nan ba wurin zane ba ne. Inda nake ganin ya yi kuskure shi ne haɗa hanin bango da hanin zane gaba ɗaya, sai kuma bulalar. Bulala takan tsayar da hannu, amma ga shi kin gani da idonki, ba hannun kaɗai ta tsayar ba, har da baki.

Ki nemi lokacin da ya ci ya huta, yara sun yi barci, ba ranar da ya dawo da ɓacin ran kasuwa ko ofis ba. Ki fara da naki laifin. Ki ce masa, Baban wane, akwai abin da na yi ban gaya maka ba, kuma ya hana ni sukuni, na saya wa yaron nan fensir bayan ka hana, ka yi haƙuri. Na san da nauyi, amma ki yi. Abin ɓoye tsakanin uwa da ɗa a bayan uba yana koya wa yaro cewa gidan ɓangare biyu ne, kuma ina kyautata zaton shi ya sa ma bai taɓa fensirin ba, tsoro yake kada ya jawo miki. In kika sauke wannan, sai ki kawo roƙonki, kuma ki kawo shi da iyaka yadda zai iya amsawa. Kada ki ce a bar shi ya yi zane. Ki ce a ba ku zango ɗaya na gwaji: bango an daina har abada, shi zai wanke wanda ya ɓata da hannunsa, za a samo masa ɗan falankin katako a shafa baƙin fenti ya zama allonsa, zane kuma sai bayan ya gama aikin makaranta da na Islamiyya. In zango ya ƙare a duba sakamako tare. Namiji da yawa ba abin ne yake ƙi ba, jin an tsallake maganarsa ne. In ya ga dokar daga bakinsa za ta fito, sau da yawa shi zai je wurin kafinta da kansa.

Hajiya kuma, ƙanwata, kada ki yi jayayya da ita, ko da wasa. Maganarta ba daga sama ta faɗo ba. Akwai hadisai ingantattu masu tsanani a kan yin surar abu mai rai, kuma tsoron Allah ne ya sa ta magana, tare da son jikanta. Abin da ya kamata a tuna mata cikin ladabi shi ne hanin ba kowane zane ya haɗa ba. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa wani mutum mai sana'ar yin surori ya zo wurin Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da shi, ya gaya masa da wannan yake ci. Ɗan Abbas ya faɗa masa gargaɗin da ya ji daga Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, sannan ya ce masa in dai dole sai ya yi, to ya yi na itatuwa da abin da ba shi da rai. Yanzu ki koma ki duba abin da kika rubuto mini cewa ɗanki na zanawa: da'ira cikin da'ira, layi a kan layi. Wannan ai shi ne abin da magabatanmu suka ƙawata allon sauka da shi. Duk wanda ya taɓa riƙe allon zayyana, ko ya buɗe Alƙur'ani rubutun hannu na ƙasar nan, ya ga 'yan da'ira uku da ake raba aya da su, ya ga zayyanar da ake yi a farkon rubu'i ja da rawaya da baƙi, ya san cewa alarammomi ne suka riƙe wannan fasaha, ba 'yan shiririta ba. Ku tsayar wa yaron ƙa'ida a fili, ganye da fure da gini da zayyana, ban da mutum da dabba, sauran bayani dalla-dalla kuma maigida ya tambayi malamin da ya yarda da shi. Kuma shi ya kamata ya kai wa mahaifiyarsa wannan bayani, ba ke ba. Magana ɗaya ce, amma daga bakin ɗa tana da daɗin ji fiye da bakin suruka.

Akwai hanyar da ta fi bayani ma. Ina da tabbacin Hajiya ba za ta rasa faifai mai launi a ɗakinta ba, ko tabarma, ko ƙwarya mai zane da ta zo da ita tun kayan aure. Ki aiki yaron ya gaishe ta, ya ce Hajiya, daga ina ake fara saƙa faifai? Ni kakata ta wurin uwa masaƙiyar faifai ce, kuma har yau ina ganin babban yatsanta yana danne ɗan ƙullin tsakiya, tana zagayawa, tana sa baƙi bayan ɗinki kaza, ja bayan ɗinki kaza, ba ta taɓa rubuta lamba ba amma in ta kuskure ƙirge ɗaya sai ta warware ta koma, don ta san zanen ba zai haɗu a ɗaya gefen ba. Sai da na girma na gane cewa lissafi take yi da hannu. Tsohuwar da jikanta ya zauna gabanta yana tambayarta sana'ar hannunta, da wuya ta sake kiran abin shiririta.

Yanzu ga abin da ke hannunki ke kaɗai, kuma shi ne ya fi komai. Kin ce ba ki iya lissafi ba. Ki cire wannan daga ranki, domin abin da nake so ki yi ba ya buƙatar ki san amsa. Tambaya uku ce jarinki: me ka gani, nawa ne, a ina kuma ka taɓa ganin irinsa? Madafarki ta ishe ki makaranta.

Ranar da za ki yi miyar kuɓewa, ki yanka ɗaya a gicciye ki miƙa masa. Zai ga tauraro a ciki, da 'yan ɗakuna, kowane da 'ya'yansa. Ya ƙirga. Galibi biyar zai samu, wata takan fi, ku yanka uku ko huɗu ya gwada. Ki zuba masa ɗan ruwan zoɓo mai kauri a murfi, ya tsoma yankakkiyar kuɓewar ya riƙa bugawa a bayan tsohuwar kalanda. Ga zane ya samu, ga siffa mai gefe biyar ta zauna masa, babu surar mai rai, babu bango. Albasa in an yanka ta a kwance da'ira ce cikin da'ira, irin wadda yake yi da gawayi, ki ga yadda idonsa zai yi in ya ga Allah Ya riga shi. Lemun tsami ya rabu gida-gida daga tsakiya kamar ƙafar keke. Awara ki yanka murabba'i, ki raba shi daga kusurwa zuwa kusurwa, ga alwatika biyu, wato siffa mai gefe uku, ki ce ya mayar da su yadda suke kafin ya ci. Fura dunƙule ce, in aka raba ta biyu fuskar da'ira ce. A duk wannan ki riƙa faɗa masa sunan da Hausa, da'ira, murabba'i, alwatika, gefe, kusurwa, shi kuma ki ce ya gaya miki yadda malama ke kiransa a aji. Ya zama shi ne malaminki a Turancin. Ta nan ilimin nan biyu da na ce ba su san juna ba za su gaisa.

Kayan aljihun nan da kike zubarwa ranar wanki, ki samo masa gwangwani ya riƙa ajiyewa. Marafen kwalba musamman. Ki ce ya ajiye ɗaya a tsakiya ya kewaye shi da sauran, kowane ya taɓa na tsakiyar, ya ga nawa za su shiga. In girmansu ɗaya ne, shida zai samu, ba biyar ba, ba bakwai ba, ko sau nawa ya gwada. Daga nan sai ki tambaye shi ɗakunan gidan rinar nan da yake kallo gefe nawa ne. Shida ne. Haka saƙar zuma. Dalilin abin sha'awa ne, kuma ina so ki san shi ko don ranar da zai tambaya. Siffofi masu gefe daidai da kusurwa daidai waɗanda za a jera iri ɗaya su rufe wuri ba tare da rata ba guda uku ne kacal: alwatika, murabba'i, da mai gefe shida. A cikinsu mai gefe shida ne ke ba da ɗaki mafi faɗi da bango mafi ƙaranci, wato zuma mai yawa da kaki kaɗan. Wani masani a Iskandariya mai suna Pappus ya yi rubutu a kan haka tun ƙarni na 4, amma cikakkiyar hujjar lissafin da ta tabbatar babu wani tsarin da ya fi shi ba ta samu ba sai 1999, a hannun wani Ba'amurke, Thomas Hales. Ƙudan zuma kuwa yana ta gininsa tun kafin a haifi dukansu. In ya kai Suratun Nahli a Islamiyya, ya ji inda Allah Ya ce Ya yi wa ƙudan zuma wahayin ya riƙi gidaje a duwatsu da itatuwa, zai ji ayar da wani kunne daban. Sai dai ki ja masa kunne sosai, gidan rina daga nesa ake kallo, ba a tsokana. In kin samu mai sayar da zuma da saƙarta, ki sayo masa ɗan yanki ya duba a hannu.

Ganye ma haka. Ya ninke ganyen mangwaro ta kan jijiyar tsakiya, zai ga dama da hagu sun kusa haɗuwa cif. Ya tsinko ƙaramin ganye ɗaya daga reshen bedi ya ninke, zai ga ya ƙi, domin a karkace yake kamar lauje. Ganyen kuka kuwa tafin hannu ne da yatsunsa. Kada ki gaya masa wanne zai haɗu wanne ba zai haɗu ba, ya yi hasashe tukuna sannan ya gwada. Kuskuren hasashen nan shi ne daɗin abin.

Wasa biyu kuma zan ƙara miki, don su ne za su burge Babansu in ya gani. Na farko, tsinken tsintsiya da 'yan dunƙulen laka. Ya haɗa tsinke huɗu ya yi murabba'i, ya haɗa uku ya yi alwatika, ya bari su ɗan sha iska, ya tura kowane da yatsa. Mai huɗun zai karkace, mai ukun zai tsaya. Sai ki ce in ya fita ya duba katakon rufin gidan da ake ginawa kafin a sa kwano, ya duba dogon ƙarfen sabis na waya, ya dawo ya gaya miki siffar da ta fi yawa a jiki. Na biyu, ki haɗa bakin igiya da ɗaya bakin nata ki ɗaure, ya shimfiɗa ta a ƙasa doguwa siririya ya cika cikinta da gyaɗa, kwance ɗaya ba a ɗora wata kan wata ba, ya ƙirga. Sannan ya buɗe igiyar ta zama da'ira ya sake cikawa. Igiyar ba ta ƙaru ba, gyaɗar ta ƙaru. Da tsawon bango ɗaya, da'ira ce ta fi kowace siffa ɗaukar kaya, kuma wannan na cikin hikimar da ta sa rumbu yake zagayayye. Duk wannan kada ya wuce minti goma ko sha biyar, kuma ba kullum ba. Ranar da ya gaji a bari. Ƙannensa ma su zauna, mace ce ko namiji, nasu shi ne tsinto duk abin da yake zagaye a tsakar gida.

Shi ma maigida akwai rabonsa, kuma in ya karɓa to an gama. Hular da yake sawa ran Juma'a, ya ɗora ta a cinyar yaron ya ce nemo mini inda zanen ya ƙare ya sake farawa, sau nawa ya maimaitu kafin ya zagayo. In yana da babbar riga mai aska takwas, yaron ya ƙirga askar, dogayen alwatika ne masu tsini. Wata Asabar ya ɗauke shi su shiga gari. Ku da Allah Ya ajiye a Katsina ba ku da uzuri a nan. Su tsaya gindin Hasumiyar Gobarau, wadda tsawonta ya kai kusan mita 15 kuma da ƙasa aka gina ta, ya tambaye shi me ya sa gindinta ya fi samanta faɗi. Su bi ta Ƙofar Soro su ga Gidan Korau, fadar Sarkin Katsina, ya nuna masa zanko a saman gini, ya nuna masa dagi, ya ce ya bi layinsa da yatsa a iska ya ga inda ya hau da inda ya nutse. Su leƙa gidan tarihi da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, inda su Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. In wata hidima ta kai ku Daura, ya ga rijiyar Kusugu da adon bangon fada. Yaron da ke son bango, a kai shi ya ga bangon da magina suka yi wa ado da izini, a gaya masa su ma sai da suka yi shekaru suna koyo a ƙarƙashin wani kafin a ba su bango.

Tunda lissafi ne damuwar Babansu, ga abin da za ki ajiye masa. Ƙasar Katsina ta haifi masanin lissafi da har yau ake ambatonsa a duniya, Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Katsinawi, wanda a 1732 ya yi rubutu da Larabci a kan yadda ake tsara lambobi cikin gidajen murabba'i su ba da jimla ɗaya ta kowace fuska, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741. Mutanenmu sun fi sanin irin wannan tsari da sunan hatimi, amma mu lissafin cikinsa kawai muke nufi. Mafi ƙanƙantarsa gida tara ne, uku-uku: layin sama 2, 7, 6, na tsakiya 9, 5, 1, na ƙasa 4, 3, 8. Ta kwance, ta tsaye, ta kusurwa zuwa kusurwa, duk 15 ne. Uban ya zana gidajen a allon yaron, ya cika shida ya bar uku, ya ce nemo. Zane ne, kuma tarawa da ɗebewa ce tsantsa. In maigida ɗan dara ne, ramukan dara ma layi ne da gidaje, ya koya masa.

Kada kuma ki tsallake malamar. Ki je da kanki, ba da faɗa ba, ki ce kin zo neman taimako. Ki roƙa ta nuna miki takardar jarrabawar. Ki duba ko siffar ce bai gane ba, ko tambayar ce bai iya karantawa ba, domin yara da yawa a aji biyu karatun Turancin ne ke kayar da su a lissafi, ba lissafin ba. Ki tambaya a ina yake zama. In a baya ne, ki lura ko yana tsuke ido in yana kallon nesa, ko yana kai littafi dab da fuska, ko sai an maimaita masa magana. In kin ga alama, a kai shi asibiti a duba ido da kunne. Sau da yawa abin da ake kira rashin maida hankali, rashin gani ne ko rashin ji. Ki kuma gaya mata yaron na son zane, wataƙila ta riƙa kiransa ya zana siffa a allo, abin da kan ɗaga yaro a idon kansa.

In kuwa kin yi duk wannan maigida ya ce shi dai a'a, to ki bi maganarsa, kada ki koma ɓoye. Ki mayar da fensirin cikin akwati da saninsa. Yankan kuɓewa da ninke ganye da jera marafe babu wanda ya hana, kuma ba sa buƙatar fensir. Ki ci gaba da su a fili, a tsakar gida, inda zai gani. Bayan wasu makonni ki sake tayar da maganar, ko ki nemi wanda yake jin nauyinsa, yayansa ko wani kawunsa, ya sa baki. Haka in zango ya ƙare sakamako bai motsa ba, kada a ce to ga shi zanen ne, a duba karatun baƙi da ido da kunnen da na faɗa, a nemo wanda zai riƙa zama da shi a kan karatu da yamma.

Amma kafin maigida, kafin Hajiya, kafin malama, ki fara da yaron, yau ɗin nan. Ki kira shi kusa da ke in kina aiki. Ki gaya masa a fili cewa zanensa yana da kyau, wurin da ya yi shi ne ba daidai ba, kuma Babansa don yana son ya zama wani abu ne ya yi fushi. Ranar wankin bangon ki ɗauki naki tsumman ki taya shi, kuma kafin ruwa ya taɓa zanen, ki tsaya gaban zanen da ya fi girma ki ce ya nuna miki daga ina ya fara. Wataƙila ya yi shiru ya sunkuyar da kai. Ki jira, kada ki cika masa shirun. In ya ɗaga yatsa ya nuna, ki ce masa, to daga nan sai ina?

Allah Ya raya miki su, Ya sa albarka a idonsa da hannunsa. In zango ya ƙare ki rubuto mini, ina son in ji ɗaki nawa ya samu a cikin kuɓewar.